Kwana 43 ina kallon C-SPAN2: tashar ta yi, amma filibasta ba ta fitowa a kyamara

Jama'a, tun lokacin da aka rufe gwamnatin Amurka a watan Oktoban 2025, saboda majalisa ta kasa amincewa da kuɗin gudanar da ita, nake cewa zan rubuta ra'ayina kan tashar nan ta C-SPAN mai nuna zaman majalisar kai tsaye, kullum sai in ce gobe, toh yau dai Allah ya yi. In ka gaji da dogon karatu ga hukuncina tun daga farko: tauraro huɗu cikin biyar na ba ta, kuma ɗayan da na riƙe ma in za a yi adalci ba laifinsu ba ne, laifin majalisar dattawan ce, zan zo kan wannan.

Abin da ya kai ni ga tashar ba son siyasa ba ne wallahi. Maƙwabcina a ginin da nake haya ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, dattijo mai iyali, daga 1 ga Oktoba albashi ya tsaya masa cak, kuma yana cikin waɗanda aka ce dole su ci gaba da zuwa aiki ko ba a biya su ba. Kullum in na dawo daga aikin dare na same shi a ƙasa zai fita sai ya ce min, "Ƙanina yau ma ba su yi komai ba ko?" ni kuma ba ni da amsa, don tashoshin labaran da nake kunnawa kowacce da inda ta karkata, wannan ta ce 'yan Dimokurat ne suka yi garkuwa da gwamnati, waccan ta ce 'yan Rifablikan ne ke riƙe da fadar White House da majalisu biyu don haka su za a tambaya. Na ma fara biyan wata manhaja ta bibiyar ƙudurori, ba zan kira sunanta ba, duk wata ana cirar min kuɗi amma sai an gama ƙuri'a da awa uku huɗu sannan saƙonta zai shigo, shi ma kalma biyu, wai ƙuduri ya faɗi. Ya faɗi ta yaya, su wa suka kayar da shi, shiru. Na goge ta na ce bari in je in ga abun da idona.

Ga wanda bai san ta ba, C-SPAN tasha ce da kamfanonin talabijin na kebul suka haɗu suka kafa, Brian Lamb ne ya kawo tunanin, ta fara nuna zaman majalisar wakilai kai tsaye a watan Maris na 1979. Sanatoci sun daɗe suna jan ƙafa kafin su yarda kyamara ta shiga zaurensu, sai a watan Yunin 1986 aka fara nuna zamansu, a nan aka haifi C-SPAN2 wacce ita ce ta majalisar dattawa. Ba gwamnati ke ba su kuɗi ba, wannan ya ba ni mamaki don da na ɗauka tashar gwamnati ce, ashe daga ɗan abin da kamfanonin kebul ke ba su ne a kan kowane mai biyan kuɗin kallo. Zaman majalisa kuwa kyauta nake kallonsa a shafinsu na intanet da manhajarsu ta waya, ban biya ko sisi ba, in kuma ina tuƙi sai in kunna rediyonsu.

Ranar farko da na kunna, wajen ƙarfe biyu na rana ne ban ko yi barci sosai ba, na zauna da kofin shayi ina jiran in ga rigima, don a tunanina tunda an ce ana filibasta, wato dabarar jan muhawara don hana a kaɗa ƙuri'a kan ƙuduri, ai zan ga wani sanata a tsaye yana zuba jawabi gumi na keto masa. Abin da na gani: zaure kusan fanko, kujeru ɗari ba kowa a kai, mutum ɗaya a kujerar shugabanci yana duba takardu, ma'aikatan teburi a gabansa, 'yan yaran nan masu kai saƙo sanye da shuɗin kaya suna zaune a matakala, sai wani kiɗan turawa na gargajiya mai sanyi da tashar ta saka a ƙasa-ƙasa. A ƙasan allo an rubuta ana kiran suna ne don tabbatar da akwai isassun sanatoci a zaure. Na jira minti goma ba a kira suna na biyu ba. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam lafiya, jana'izar wa ake yi?" na ce mata majalisar dattawan Amurka ce ke aiki, ta yi dariya ta wuce abinta.

Daga baya na gane wannan kiran sunan dabara ce kawai ta cinye lokaci, akawu zai kira sunan farko a jerin haruffa ya yi shiru, su kuma manyan suna can wani ɗaki suna ciniki, in an cimma wani abu sai wani ya shigo ya nemi a dakatar da kiran. Kuma wannan shi ne babban darasin da tashar ta koya min ba tare da ta ce uffan ba: filibastar zamanin nan ba ta da hoto. Babu wanda ke tsayuwa, babu wanda muryarsa ke dishewa, sanata ko jam'iyya kawai za su sanar da shugabanni cewa ba su yarda a wuce ba, shikenan sai an nemo ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawarar da ba a ma yin ta. Abun da dariya in ka duba, ana neman ƙuri'a don a dakatar da magana a ɗakin da ba mai magana.

Bari in ɗan yi bayanin lissafin don shi ne ya rikita ni da farko. Sanatoci 100 ne, biyu daga kowace jiha. Don ƙuduri ya wuce, rinjaye kawai ake buƙata, 51, ko 50 da mataimakin shugaban ƙasa ya raba gardama. Amma kafin a kai ga wannan ƙuri'ar sai an rufe muhawara, kuma doka ta 22 ta majalisar ta ce rufewar sai da kashi uku cikin biyar, wato 60. A lokacin 'yan Rifablikan 53 ne, ɓangaren Dimokurat 47. Rand Paul na Kentucky ya ƙi bin jam'iyyarsa, saura 52, daga ɗaya ɓangaren kuma mutum uku suka tsallako tun farko, John Fetterman da Catherine Cortez Masto da Angus King wanda shi ɗan indifenda ne, ya zama 55. Toh 55 cikin 100 a ko'ina ai nasara ce, amma a nan faɗuwa ce. Sau 14 aka kawo ƙudurin wucin gadi na kuɗin gudanar da gwamnati yana faɗuwa, ni kuma kusan duk ina gaban allo kamar wanda aka yi wa asiri, ina kallon sanatoci suna shigowa ɗaya bayan ɗaya su je gaban teburin akawu su ɗaga babban yatsa sama ko su yi ƙasa da shi su juya su fice, wani ko rigar sanyinsa bai cire ba. 'Yan Dimokurat sun kafe sai an tsawaita tallafin inshorar lafiya na Obamacare da zai ƙare a ƙarshen shekara, su kuma 'yan Rifablikan sun ce a buɗe gwamnati tukunna sannan a yi magana, aka yi kiki-kaka, mutane kusan miliyan 42 masu karɓar tallafin abinci suka shiga zullumi, jiragen sama aka fara rage tashinsu saboda masu kula da zirga-zirgar sama ba albashi.

A nan ne tashar ta fi burge ni gaskiya. Ba mai sharhi, ba wanda zai katse sanata ya ce maka ga abin da yake nufi, ba allo an raba shi huɗu mutane na yi wa juna ihu. John Thune, jagoran sanatocin Rifablikan a lokacin, zai tashi ya yi nasa jawabin ka ji shi daga farko har ƙarshe, Chuck Schumer, jagoran na Dimokurat, ya tashi ya yi nasa, kai ka yanke hukunci. Da farko shirun ya dame ni don kunnena ya saba da a tauna min a ba ni, amma bayan sati ɗaya sai na ga na fara kama ƙaryar kowa da kaina, wanda ya ce abu da safe a zaure ya je da yamma ya faɗi akasinsa a wata tasha.

Sai ɗakin ajiyarsu na bidiyo, kai wannan kam ko shi kaɗai ya isa a ba su lambar yabo. Komai tun daga 1987 yana nan kyauta, ka rubuta kalma ko sunan mutum ya fito maka da daidai daƙiƙar da aka faɗe ta, har kana iya yanko guntun ka tura wa wani. Wani dare da aiki ya yi sauƙi na rubuta filibasta na shiga rami, ban fito ba sai da gari ya waye. Na ga ranar 21 ga Nuwamban 2013 da Harry Reid, jagoran sanatocin Dimokurat a lokacin, ya yi abin da suke kira zaɓin nukiliya, wato canza dokar majalisa da rinjaye kawai, da ƙuri'a 52 da 48 'yan Dimokurat suka cire sharaɗin 60 a kan naɗin ministoci da alƙalan ƙananan kotunan tarayya, saboda a cewarsu an hana Obama naɗa mutanensa. Mitch McConnell, jagoran na Rifablikan a lokacin, ya tashi ya gargaɗe su cewa za su yi nadama kuma ba da daɗewa ba. Ai kuwa, Afrilun 2017 shi McConnell ɗin ya ƙarasa aikin, ya cire sharaɗin a kan alƙalan Kotun Ƙoli don Neil Gorsuch ya wuce, daga nan Brett Kavanaugh ya bi ta wannan ƙofar, Amy Coney Barrett ta bi. In za ka gina ramin mugunta dai an ce gina shi gajere. Kuma in ka jera bidiyon nan kusa da kusa sai ka ga duk kanwar ja ce, mutum ɗaya in yana cikin marasa rinjaye filibasta ita ce ruhin majalisa, ranar da ya samu rinjaye ta zama tsohon yayi da ke hana ƙasa ci gaba. A 2017 sanatoci 61 daga jam'iyyun biyu suka sa hannu a wasiƙa cewa kar a taɓa filibasta a kan dokoki, bayan shekara biyar da yawa daga 'yan Dimokurat ɗin da suka sa hannun su ne suka kaɗa ƙuri'ar a sassauta ta.

Wancan na Janairun 2022 na kalle shi gaba ɗaya, awoyi ne masu yawa. Schumer yana so a yi wa dokar kare haƙƙin zaɓe hanya ta musamman, a ce masu adawa su tashi su yi ta magana in sun gaji a kaɗa ƙuri'a da rinjaye kawai. Joe Manchin da Kyrsten Sinema, 'yan jam'iyyarsa, suka ƙi, aka tashi 52 da 48 abun ya mutu. A lokacin 'yan Dimokurat kamar su cinye su ɗanye. Sai ga shi a ƙarshen Oktoban 2025 Trump ne da kansa ke rubutu a shafinsa yana cewa 'yan Rifablikan su yi amfani da zaɓin nukiliya su kashe filibasta su buɗe gwamnati, Thune kuma ya ce ba shi da ƙuri'un yin haka kuma shi ma ba ya so, kuma makamin da 'yan Dimokurat suka riƙe kwana arba'in suna yaƙi da shi shi ne wanda suka so karyawa kusan shekara huɗu baya. Na tura wa maƙwabcina guntayen bidiyon biyu a jere, ya kalla ya girgiza kai ya ce, "Ƙanina su duka ba wanda aka taɓa yanke wa albashi." Gaskiyarsa, albashin 'yan majalisa ba ya tsayawa ko an rufe gwamnati.

Ɗan tarihi kaɗan, don shirin da suke yi na tarihi a ƙarshen mako ya sa na je na bincika. Filibasta ba ta cikin kundin tsarin mulkin Amurka ko kaɗan. A 1806 ne majalisar ta share wata doka da za a iya amfani da ita a yanke muhawara, bisa shawarar da Aaron Burr ya bayar yana mataimakin shugaban ƙasa, da ya ga kamar ba ta da amfani, ba wanda ya lura da ƙofar da aka bari a buɗe sai bayan shekaru. Kalmar ma asalinta sunan 'yan fashin teku ne, daga yaren Holan ta bi ta Sifaniyanci. Sai 1917 da wasu tsirarun sanatoci suka hana shugaban ƙasa Woodrow Wilson ɗora makamai a jiragen ruwan kasuwanci ana dab da shiga yaƙin duniya na farko aka kawo dokar rufe muhawara da kashi biyu cikin uku, a 1975 aka rage zuwa 60. Kuma da wuya ake amfani da ita a da, daga 1927 har 1962 ba a yi nasarar rufe muhawara ko sau ɗaya ba. Inda aka fi jin ta shi ne hannun sanatocin kudu masu hana dokokin 'yancin baƙar fata, Strom Thurmond ya yi awa 24 da minti 18 yana magana a 1957, dokar 1964 kuwa sai da aka yi kwana 60 na zaman majalisa ana ja kafin a rufe da ƙuri'a 71 da 29. Shi ya sa Obama a jana'izar John Lewis, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, a 2020 ya kira ta ragowar zamanin wariyar launin fata. Abin da ya mayar da ita shiru kuwa tsarin da Mike Mansfield, jagoran masu rinjaye na lokacin, ya shigo da shi ne a farkon shekarun 1970, aka ce in an toshe ƙuduri ɗaya a ajiye shi gefe a ci gaba da wani aikin, niyya mai kyau ce don kar majalisa ta tsaya cak, amma sai toshewar ta zama kyauta, ba gumi ba ciwon ƙafa.

Dogayen jawaban da ake yaɗawa a soshiyal midiya fa, yawancinsu ba su ne ke toshe komai ba. Cory Booker ya yi awa 25 da minti 5 daga daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilun 2025 ya karya tarihin Thurmond, na kalli ƙarshensa a ɗakin ajiyar har tsigar jikina ta tashi lokacin da Schumer ya sanar da shi ya wuce, baƙar fata ya goge tarihin mai wariya, amma ba wani ƙuduri yake tarewa ba. Ted Cruz ma a 2013 ya yi awa 21 har da karanta wa 'ya'yansa littafin yara daga zauren, da ya gama aka kaɗa ƙuri'ar a lokacin da aka tsara. Waɗannan su kyamara ke so. Su kuwa na gaskiyar, irin dokar binciken masu sayen bindiga ta Manchin da Pat Toomey da ta samu 54 a 2013 bayan kisan yaran Sandy Hook ta mutu, ko kwamitin binciken harin 6 ga Janairu a ginin majalisa da ya samu 54 da 35 a 2021 shi ma ya mutu, a allo minti ashirin ne na mutane suna yawo a zaure sai shugaban zama ya karanta sakamako da murya ɗaya kamar mai karanta lissafin wuta.

Toh ga inda tauraro ɗaya ya tafi. Kyamarorin da ke cikin zauren ba na C-SPAN ba ne, na majalisa ne, ma'aikatan majalisa ke juya su, kuma ƙa'idarsu ita ce a nuna mai magana ko a nuna zauren daga nesa lokacin ƙuri'a. Don haka sanata zai tsaya yana jawabi da zafi yana nuna yatsa kamar gaban dubban mutane, alhali kujeru yake yi wa, kai kuma ba za a juya a nuna maka ba. In mutum biyu sun koma lungu suna raɗa, wanda a nan ainihin aikin yake, ba sauti ba kusantowa. Tashar ta sha rubuta wa shugabannin majalisa tana roƙon a bar ta ta shigo da nata kyamarorin ana hana ta. An ga bambancin a Janairun 2023 a majalisar wakilai lokacin da aka yi zagaye 15 kafin Kevin McCarthy ya zama kakaki, saboda ba a kafa dokokin zama ba tukunna aka bar su da kyamarorinsu, duniya ta ga ana jan hannun wani ana toshe masa baki, da aka gama aka mayar da su waje. Na biyu kuma, tunda ba sa sharhi, sabon shiga zai sha wuya. Za ka ga an rubuta ƙuri'ar rufe muhawara a kan buƙatar fara duba ƙuduri, wato ana filibasta a kan ko za a ma fara maganar, in ba ka da wanda zai warware maka sai kanka ya yi ciwo. Ni sai da na riƙa buɗe Congress.gov a gefe ina duba lambar ƙuduri. Wannan zaɓinsu ne kuma na fahimce shi, ranar da suka fara fassara ranar za a fara cewa sun karkata, amma dai mai shiga ya shiga da shiri.

Shirin safe na kiran waya, Washington Journal, ƙarfe bakwai agogon gabas, shi ma ya cancanci a ambace shi. Layi uku ne, na Rifablikan, na Dimokurat, na 'yan ba-ruwanmu, kuma in ka kira sai ka jira kwana 30 kafin ka sake. Mai gabatarwa fuskarsa kamar dutse, ko me ka faɗa zai ce na gode ya ɗauki na gaba. A nan na ji muhawarar filibasta daga bakin talakawa, tsoho daga ƙauye yana cewa in aka cire ta manyan jihohi za su murƙushe su, wata mata tana cewa ta yi zaɓe jam'iyyarta ta ci amma ba abin da ya canza toh me amfanin layin da ta bi. Wasu kiran shirme ne zalla ba ƙarya, amma na fi son su da ƙwararrun da ake biya su yi faɗa.

Ni ra'ayina bayan duk wannan kallon, tunda za a tambaya. Masu cewa a bar ta suna da hujja mai nauyi, in 51 sun isa komai toh duk bayan shekara biyu ko huɗu za a yi ta tufka da warwara, wannan ya kafa dokar lafiya wancan ya zo ya rushe, kuma duk wanda ke murna yau gobe shi ne a ƙasa. Amma hujjar cewa tana tilasta sulhu ban gan ta a allo ba sosai, abin da na gani shi ne kowa ya koyi zagayawa. Manyan abubuwa yanzu ta hanyar daidaita kasafin kuɗi ake cusa su don ita 51 take buƙata, haka aka yi rage harajin 2017, haka Biden ya yi nasa a 2021 da 2022, haka babban ƙudurin Trump ya wuce ranar 1 ga Yulin 2025 da 51 da 50 mataimakinsa JD Vance ya raba gardama. Sai ya zama wata ma'aikaciya da ba wanda ya zaɓe ta, Elizabeth MacDonough mai fassara dokokin majalisa, ita ke cewa wannan ya shiga wannan bai shiga ba, ita ce ta cire ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a 2021. Abin da bai shafi kuɗi ba kuma, shige da fice, bindiga, zaɓe, sai shugaban ƙasa ya yi ta sa hannu a umarnin zartarwa kotu na dakatarwa. Ga kuma Wyoming da ba ta kai mutum dubu 600 ba tana da sanata biyu daidai da Kalifoniya mai kusan miliyan 39, an riga an ba ƙananan jihohi kariya tun a tsarin, sai kuma a ƙara da cewa 41 za su iya tare 59. Ni da za a bi tawa, kar a kashe ta, a mayar da ita ta tsaye irin wadda Sanata Jeff Merkley ya daɗe yana kira. Kana son tare doka, bismillah, tashi ka riƙe zaure, kai da abokanka ku yi ta karɓa-karɓa dare da rana jama'a na kallonku a C-SPAN2 da sunanku a ƙasan allo, in abun ya kai a sha wuya a kansa za ku jure, in bai kai ba ƙafa za ta gaya muku. Na san masana na cewa ita ma tana da ramukanta, masu rinjaye su ma sai sun kwana a kusa don kar a rasa adadin zama, amma aƙalla mai kallo zai san wa zai kama.

Daren Lahadi 9 ga Nuwamba ba ni da aiki, na kira maƙwabcin nawa ya hawo muka zauna tare. An ce an samu mutum takwas, ukun farko da ƙarin Dick Durbin da Tim Kaine da Jeanne Shaheen da Maggie Hassan da Jacky Rosen, a kan alƙawarin za a ba su ƙuri'a kan tallafin lafiyar a Disamba. Lissafi ya hau ya hau ya tsaya a 59, aka bar ƙuri'ar a buɗe ana jiran John Cornyn da ke kan hanya daga Texas, mu kuma muna zaune muna kallon mutane na tsaye-tsaye a zaure ba abin da ke faruwa, ba mai sharhi, shayi ya huce an sake ɗorawa. Da ya shigo ya ɗaga hannu aka ce 60 da 40, dattijon nan bai ce komai ba ya ɗauki hularsa ya ce, "Sai da safe ƙanina, gobe da wuri zan fita." Ranar 12 ga wata majalisar wakilai ta amince Trump ya sa hannu, kwana 43, rufewa mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa wannan lokacin. Ƙuri'ar Disambar da aka yi musu alƙawari kuwa an yi ta, ita ma na kalle ta, ta samu sama da rabi ba ta kai 60 ba.

Manhajar C-SPAN tana nan a wayata har yanzu. In za ka gwada, ka fara da ɗakin ajiyar bidiyon kafin zaman kai tsaye, ka nemo daren Yulin 2017 da John McCain ya shigo ya miƙa hannu ya yi ƙasa da babban yatsa ya kayar da ƙudurin jam'iyyarsa ta Rifablikan na soke wani ɓangare na Obamacare, ka ƙara sauti sosai za ka ji yadda zauren ya ja numfashi. Zaman kai tsaye kuma ka duba jadawalin ranar a shafinsu tukunna, yawanci Litinin sai wajen biyar da rabi na yamma suke ƙuri'ar farko, Alhamis da rana kuma sun kama hanyar filin jirgi, in ka kunna ranar Juma'a akwai yiwuwar abin da za ka samu zaman minti ɗaya ne, a buga guduma a buɗe a buga a rufe.